Kati 150 a tsakiyar damina: nazarin aikin naɗin takarda na wata ɗaliba a Birnin Kebbi

Na daɗe ina koya wa mata sana'ar hannu a Birnin Kebbi, kuma cikin abubuwan da nake koyarwa babu mai saurin shiga ran ɗalibai kamar naɗin takarda. Ana yanka takarda siri-siri kamar taliya, a naɗe ta a jikin tsinke, a sake ta ta ɗan buɗe kamar gammo, a matse gefenta da yatsa ta koma ganye ko ido ko ɗigon ruwa, sannan a tsayar da ita a kan bakinta a fuskar kati da ɗan gam. A intanet kwilin ake kiran aikin, daga sunan ƙaran gashin tsuntsu a Turanci, domin a jikinsa mutanen da suke naɗin. Mu a aji naɗi kawai muke cewa.

Aiki ɗaya zan bi a nan, na ɗaliba ɗaya, tun daga ranar da ta karɓe shi har bayan ta miƙa. Ta yarda in rubuta, da sharaɗin ba zan ambaci sunanta ko na mai aikin ba.

Yadda aikin ya zo

Budurwa ce da ta gama sakandare, tana gaban iyayenta a Badariya. Tun kafin ta zo wurina tana zanen lalle, shi ya sa hannunta ba ya rawa, idonta kuma ya san inda fure ya kamata ya tsaya. Da hunturu ta koyi naɗi. Cikin Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, ta yi wa wata maƙwabciyarsu katin barka da haihuwa. A gidan sunan ne wata Hajiya ta ga katin, ta juya shi gaba da baya, ta ce a kira mata wadda ta yi. Za ta aurar da ɗiyarta zuwa Argungu a ƙarshen Agusta, tana son katin gayyata 150 masu irin wannan ado, da albam na hannu mai shafi 20 da za a ba amarya bayan biki.

Wani zai ce ina amfanin kati yanzu da gayyata ke yawo a WhatsApp. Ƙawayen amarya kam hoto ya ishe su. Amma dangin uba, da surukai, da manyan unguwa, ba a tura musu hoto a waya a ce an gayyace su. Ana aika mutum takanas da goro da alawa, katin kuma a saman su yake tafiya. Daraja Hajiya take son saye, kuma ta faɗa da bakinta.

Ɗalibar ta yi samfuri: reshen furanni mai naɗi 31, da zaren takarda mai faɗin milimita 5, a kan kati mai giram 160 (nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar ke nan, da shi ake gane kaurinta). Ya yi kyau ƙwarai, ni ma na yaba. Da aka zo kuɗi sai ta lissafa takarda, gam, ambulan da ladan mai buga rubutu, ta ɗora ɗan abin da take ganin riba ce, ta faɗa. Hajiya ba ta ko yi tayi ba. Ko sau ɗaya ɗalibar ba ta dubi agogo ba lokacin da take yin samfurin. A nan ina da nawa alhakin, domin wata uku na yi ina koya musu riƙon tsinke da matse kusurwa, ban taɓa sa su auna minti nawa fure ɗaya ke ci ba.

Kafin alƙalami bai fito ba sai ƙarshen Yuli, bayan an tsayar da rana. Kwana 18 suka rage a fara rabon kati, sama kuwa ta riga ta buɗe.

Kwana shida na farko

A kwana shida ta gama kati 22. Da wannan tafiyar, 150 sai sun ci kwana 41. Ba ta yi wannan lissafin ba, jikinta ne kawai ya gaya mata akwai matsala, sai ta ƙara dare, tana naɗi da hasken waya idan an ɗauke wuta. A rana ta shida Hajiya ta aiko ɗan kabu-kabu ya karɓi 12, waɗanda za a fara kaiwa dangin ango. Kwana biyu tsakani aka dawo mata da su cikin leda. Tara sun lalace: furanni sun kwanta, wasu sun ɓalle suna yawo a ƙasan ambulan, launin ganye ya zuba a kan sunan amarya. Goman da ke gida ma duk sun lanƙwashe kamar kwasfar gyaɗa.

Da daddare ta kira ni, muryarta na rawa. "Malama, wanga aiki ya fi ƙarfina. In maida mata kuɗinta?" Na tambaye ta ko kuɗin na nan. Ta ce rabi ya tafi wurin takarda da bugu. Na ce to, wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, ta kwana da haƙuri, da safe ina nan tafe.

Abin da muka tarar da muka baje katunan

Mun shimfiɗa su a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, muka bi kowane lahani har inda ya fito.

Lanƙwashewar daga gam take. Farin gam irin na kafintoci da muke amfani da shi akwai ruwa da yawa a cikinsa. Idan ya taɓa fuska ɗaya ta kati, zaren takardar wannan fuskar ya sha ruwa ya kumbura, ɗaya fuskar kuwa tana nan yadda take, dole katin ya karkata. A Afrilu gam ɗin kan bushe kafin ya ratsa, shi ya sa samfurin ya fito a miƙe. A Agusta iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, sai ya daɗe yana zaune a jikin takarda. Ga shi kuma gaggawa ta sa ta daina ɗiban gam da bakin tsinken sakace, ta koma matsa shi daga kwalba kai tsaye. Kati mai giram 160 ba zai iya da wannan ba ko da rani, balle da damina.

Kwanciyar furannin ta fi ba ni tunani. Naɗaɗɗiyar takarda da ke tsaye a kan bakinta tana da ƙarfin mamaki idan daga sama aka danne ta daidai wa daida, kana iya ɗora littafi a kai ba ta motsa ba. Ta gefe ne ba ta da kariya. Tun wurin zura katin a ambulan bakin ambulan ke kama kan furen ya ja shi. Ado mai tsayin milimita 5 a cikin ambulan da aka yi domin takarda shimfiɗaɗɗiya, ko ba a fita da shi daga ɗaki ba ya fara wahala.

Sauran bayanin ɗan kabu-kabun ne ya cike mana shi. A leda ɗaya aka haɗa katunan da ƙullin goro, aka ba direba a tasha, aka cusa ƙarƙashin kujera. Goro kuwa kowa ya san ba a barinsa ya bushe, da yayyafin ruwa da jiƙaƙƙen algarara yake tafiya. Danshin nan ne ya sassauta gam ɗin, ya kuma narkar da launin koren ganyen.

Launin ma da labarinsa. Hajiya ta ce sai dai a yi furannin da kalar anko, wani ruwan zuma mai duhu da kore. Ɗalibar ta zaga kasuwa ba ta samu takarda mai wannan launin ba, sai ta kai farar takarda aka buga mata launin da injin kwamfuta. Tawadar irin wannan injin ruwa na taɓa ta take zuba. Sannan a aikin naɗi, bakin takarda shi ido ke gani, fuskarta tana ɓoye cikin naɗin. Takardar da aka shafa wa launi a sama cikinta fari ne, saboda haka duk furen da ta yi ya fito da farin layi a kansa, kamar an yayyafa masa alli. Takardar da aka rina tun daga masana'anta, wadda in ka yage ta cikinta da wajenta ɗaya ne, ita ce ta aikin nan.

Zama da Hajiya

Zuwa da kai ya fi aike, muka tafi mu biyu da katunan da lissafi a rubuce. Mun auna da agogo a safiyar: kati ɗaya mai naɗi 31 yana cin minti 50, ban da yankan takarda. Guda 150 naɗi 4,650 ke nan, awa 125 na zama. Kwana 10 suka rage mana a lokacin.

Hajiya ta karɓe mu a fusace, kuma ban ga laifinta ba, ta ji kunya a gaban surukai tun ba a ɗaura aure ba. "Ɗiyata, abin da munka yi da ke ke nan? Da kin san ba ki iyawa ai sai ki faɗa mini tun da wuri." Ɗalibar ta durƙusa ta ba da haƙuri. Ni kuma na yi mata tambaya ɗaya: cikin mutum 150 ɗin nan, nawa ne za a kai wa kati hannu da hannu, a zauna a gaisa, su kuma ajiye shi? Ta yi shiru tana ƙirgawa da yatsu, ta ce ba za su wuce talatin ba. Sauran a jaka za su jefa, ko yara su ɗauke.

A kan haka muka daidaita. Kati 30 za su fito da cikakken reshen furanni. Sauran 120 za a yi musu fure ɗaya a kusurwa, mai naɗi bakwai: ganye biyar masu siffar ƙwayar shinkafa, matsattsen naɗi ɗaya a tsakiya, da kara ɗaya mai lanƙwasa. Wannan minti 12 yake ci, wato awa 24 gaba ɗaya. Kuɗi kuwa ta ce yadda aka yi magana tun farko haka za a bari, ba ƙari ba ragi. Mun yarda.

Akwai wata magana da ta taso a zaman. Hajiya ta so a naɗa Bismillah da takarda a saman manyan katunan. Mahaifiyar ɗalibar ce tun a gida ta hana, ta ce katin biki ƙarshensa ƙasa ne ko bola, bai dace a sa sunan Allah inda za a taka ba. Da aka gaya wa Hajiya haka ba ta yi musu ba.

Yadda aka sake tsarin aikin

Abu na farko, mun sauko da faɗin zaren daga milimita 5 zuwa 3. Takardar A4 faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297. In aka yanka ta a kwance ana samun zare 99 masu tsawon santimita 21, in a tsaye kuwa 70 masu tsawon kusan santimita 30. Takarda tana da inda zarenta ya dosa, kamar yadda katako ke da shi, sai na sa ta gwada duka biyun. A rim ɗin takardar da muka saya, yankan kwance ya fi naɗuwa sumul, na tsaye yana ɗan karyewa a tsakiyar naɗi. Maimakon reza da rula da suka ci mata awanni, ta kai wa mai injin yankan takarda a shagon buga kati, ya sare mata tari guda cikin ɗan lokaci.

Launin anko kuwa mun haƙura da shi daidai-daidai. Mun ɗauki rinanniyar takarda mafi kusa da ruwan zuma, muka tara zaren cikin damtse, muka matse da abin maƙale takardu, muka bi bakinsu da alƙalamin ruwan gwal. Wannan dabara tsohuwa ce. Mata masu zaman ibada a gidajen Kiristoci na Faransa da Italiya, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, gefen littattafai mai ruwan zinare suke yankowa su naɗe, aikin ya fito kamar na maƙerin farfaru, su ƙawata kayan ibadarsu da shi. Daga baya a ƙarni na 18 matan masu hali a Ingila suka ɗauka suna yi wa akwatunan shayi ado, har da Gimbiya Elizabeth, ɗiyar Sarki George na Uku. Tun a wancan zamani sun gane cewa bakin takardar ne ke ɗauke da kyan. Da Hajiya ta ga gwal ɗin yana ƙyalli, maganar anko ba ta sake tasowa ba.

Kayan aiki ba mu sayi sabo ba. Ta samu basilla, ta goge saman kunnenta a dutse har ya buɗe ya zama baki biyu, ta soke tsinin a guntun itace. Nan ake maƙale kan zaren a murza, ya fi tsinken tsintsiya sauri nesa ba kusa ba. Don furanni su fito girma ɗaya, kowane naɗi sai an sake shi cikin rami ɗaya na rular nan mai huda-huda da 'yan makaranta ke zana da'ira da ita, ya buɗe iya ramin, sannan a like bakinsa. Gam kuma aka koma shafa shi siriri a kan murfin roba, a ɗauki naɗin da matsefata, a ɗan taɓa gindinsa a kai, a ajiye.

Gyaran da ya fi kowanne amfani shi ne raba furen da katin. A kan ɗan guntun kati mai kauri, giram 300, ake haɗa furen, a bar shi ya kwana ya bushe cikin bokitin roba mai murfi, tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Washegari a manna guntun a jikin katin gayyata da salatif mai fuska biyu. Ta haka katin da aka buga wa rubutu bai ga ruwa ba ko ɗigo. Wannan ne ma ya ba mu damar ceto 13 daga cikin na farko: muka yanke reshen furannin daga lanƙwasassun katunan, muka bi farin bakinsu da ruwan gwal, muka ɗora su a sababbi. Saura 17 kawai aka yi daga tushe.

Manyan katunan an yi musu katanga. Mun yanka kwalin taliya kamar firam ɗin hoto, muka lulluɓe shi da takarda, ya kewaye furen ya ɗan fi shi tsayi, ta yadda duk abin da ya danno, kwalin zai tarar. Ƙananan kuwa ɗan falle na takarda mai santsi aka ɗora a kan furen kafin a zura a ambulan mai ɗan yalwa. Ƙannenta biyu suka shigo aikin, ɗaya na naɗi, ɗaya na matsewa, ita tana haɗawa. Da yammacin rana ta goma aka gama. Ita da kanta ta jera su a kwali, ta raka ɗan aike har gidan Hajiya, ta roƙi arziki a raba su da goro.

Albam ɗin

Kati kwana kaɗan ake nema ya yi, albam kuwa ana so jikokin amarya su buɗe shi. Don haka kusan duk abin da ya halatta a katin ya haramta a nan. Kwalin taliya ba ya shiga, domin irin wannan kwali da takardar jarida suna da sinadarin da ke sa su yin ja da tsufa, su kuma shafa wa hoton da ke jikinsu. Mun nemi takardar zane mai kauri wadda aka rubuta a bangonta cewa ba ta da asid. Kunun sitaci da mahaifiyarta ta ba da shawarar a liƙa da shi, don ya fi araha, shi ma na hana, abincin kyankyaso ne da sauran ƙwarin da ke cin littafi.

Matsalar naɗi a albam ita ce rufewa. Duk abin da ya ɗago a shafin dama, fuskar hoton da ke shafin hagu zai je ya dafa, da damina kuma fuskar hoto na yin danƙo. Sai ta zana kowane shafi biyu masu kallon juna tare, ta tabbatar inda fure ya tsaya a wannan, fili ne a wancan. Tsakaninsu ta sa farin falle marar nauyi. A gindin albam, wurin ɗinki, ta ƙara siraran kati tsakanin shafuka har kaurinsu ya kai tsayin furen, in ba haka ba albam ɗin zai riƙa buɗe baki kamar kada, ya ƙi rufuwa. Hotuna kuma ba a sa musu gam ba, 'yan kusurwoyi ta yi da takarda, ana zura hoton ana zarewa.

A wannan karon da agogo ta yi ciniki. Da ta faɗi kuɗin shafi 20 Hajiya ta riƙe baki, aka yi ta ja har aka tsaya a shafi 12, biyar kawai masu naɗi: kamu, sa lalle, ɗaurin aure, kai amarya, da shafi ɗaya na dangin ango. Sauran an ƙawata su da ƙyallen anko, da katin gayyatar kansa, da addu'ar da kakar amarya ta yi aka rubuta da ajami. A ganina albam ɗin ya fi kyau a haka, ido na samun wurin hutawa.

Shafin dangin ango shi ya fi ɗaukar lokaci. Masunta ne tun kaka da kakanni, kuma sun aiko da tsohon hoto baƙi da fari na kakansu, tsaye a bakin kogin Matan Fada na Argungu da homa da gora, a wani bikin kamun kifi. Bikin nan tun 1934 ake yinsa, daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu bayan doguwar gabar Kabi da Sakkwato, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali. Hoton shi kaɗai gare su, babu wani. Ɗalibar ta so ta sa shi a tsakiyar shafi ta kewaye da igiyar ruwa. Na ce ta kai a ɗauki kwafinsa a wanke sabo, ta mayar musu da nasu a ranar. Kwafin ta kewaye da shuɗin zare mai buɗaɗɗen naɗi, layi uku, na ƙasa ya fi duhu, ta kuma bar sama fili ba ta sa komai ba.

Inda lissafi ya tsaya

A katunan ba ta ci riba ba. Bayan ta sake sayen takarda, ta biya bugu na biyu, ta ba ƙannenta ɗan hasafi, abin da ya rage bai kai abin da take samu a lallen biki ɗaya ba, ga aikin kwana 18. Albam ɗin ne ya rufa mata asiri.

Har yau ba a daidaita kan wanda ya kamata ya ɗauki asarar katunan nan tara ba. Mahaifiyarta na nan kan cewa wanda ya haɗa takarda da jiƙaƙƙen goro shi ya ɓata, Hajiya kuwa ta ce da aikin na da ƙwari da ya jure. Ni ina ganin goron ya gaggauta abin da zai faru ne, domin goman da ba su bar ɗaki ba su ma sun lanƙwashe. Duk da haka ban ji daɗin yadda aka bar wa yarinya nauyin bugu na biyu ita kaɗai ba, kuma na so a ce na yi magana a zaman nan tun kafin mu amsa cewa ba ƙari.

Cikin Janairu ta je Argungu yi wa wata amarya lalle, ta biya ta duba albam ɗin. Hotuna lafiya lau, babu wanda ya manne. Bangon baya ya ɗan ɗago saboda bushewar hunturu, ta ce a riƙa ajiye shi a kwance da wani littafi a kai. A shafin kamu naɗi biyu sun saki, ta mayar da su da tsinken sakace. Fallen da ke kan shafin Matan Fada ya ɗauki sawun igiyar ruwan, alamar milimita 3 ma ya ɗan yi tsayi a wurin, don haka a albam ɗin da take yi yanzu ta sauko zuwa 2.